Sawun da Ayuba Bai Sani Ba

Sista Manahil ce ta fara gani. Ta fito da sassafe da bokitin ruwan kilorin, ta zaga bayan tantin da ake kwantar da masu amai da gudawa, inda jiya da yamma ta naɗe mushamma ta danne ta da dutse. Sai ta tarar da dutsen shi kaɗai. Mushamma, wato babbar ledar nan mai kauri da ake shimfiɗawa a ƙasan tanti, ta yi ƙafa.

Ba darajar ledar ce ta sa ta ajiye bokiti ta dafe kai ba. A kanta wani tsoho ya yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba a wanke ta ba, domin kilorin ya ƙare, sai da magariba lori ya kawo wani daga Gadarif. Duk wanda ya ɗauke ta, cuta ya saɓa a kafaɗa ya kai wa iyalinsa.

Kafin rana ta ɗaga, rabin Hillar Aduwa yana ƙofar asibiti. Asibitin nasu ne, da gayya suka gina shi, ɗaki biyu da rumfa. Ya yi shekaru awaki ne ke kwana a ciki, don babu ma'aikacin da ke yarda ya zauna a garin da baƙar laka ke rufe hanyarsa duk damina. Sai da yaƙi ya koro mutane daga Madani aka sauke su a makarantar firamare, a cikinsu aka samu Manahil. Ita ta kori awakin. Ita ce ke bi gida gida tana duba masu ciki, ta zauna da mata wurin shan jabana, wato gahawa, tana koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari da gurguwar Hausarta, ta tare masu amalanken ruwa a bakin hafir, tafkin da ake tara ruwan damina, ta jefa musu ƙwayar kilorin a kowace ganga. Ta raba wa unguwanni ranakun shara da kawo ruwa, har mutane suka koma cewa "asibitinmu" da ƙarfin murya. Amma mutum akwai saurin mantuwa.

"Wa ke neman leda a garin nan in ba masu kwana a makaranta ba?" in ji wata murya daga baya.

"Tun da suka zo, ko kaza ba ta kwana lafiya," in ji wata, alhali kazar da ta ɓata bara kowa ya san muzuru ne.

Shehu Abdulhamidu, mai garin, ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ya ce a kira masa Malam Ayuba.

* * *

Malam Ayuba mai bin sawu bai zo da gaggawa ba. Ba ya gaggawa in ya san ana jiransa. Daga Simsim har Gallabat an san shi, ya dawo da raƙuma, ya dawo da shanu, ya taɓa bin ɓarawon injin ban ruwa har cikin ɗakin surukarsa. Abin da ya fi so ya faɗa, kuma yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba, shi ne babu ƙafar da ke taka ƙasar Aduwa da bai san mai ita ba. A yi masa adalci, yara sun sha gwada shi suna shan kunya.

An yi yayyafi kafin asuba, irin na ƙarshen damina, ƙasa ta yi laushi. Ya sa aka ja da baya, ya tsuguna bayan tanti, ya zana da'ira da sandarsa a kewayen wani sawu. Takalmin taya ne, wanda Larabawa ke kira tamut tahalli, ka mutu ka bar shi. A lokacin girbin riɗi kowane namiji shi ke ƙafarsa, don haka takalmin bai gaya masa komai ba. Tafiyar ce ta yi magana.

"Namiji ne mai jini a jika," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Kaya a kafaɗar dama. Ƙafar hagu tana watsawa waje, diddigen yana cin ƙasa."

"Waye?" in ji Shehu.

Ayuba ya miƙe, ya karkaɗe jallabiya, ya bari kowa ya gama zuba masa ido.

"Ba ɗan garin nan ba ne."

Maganar ta bi taron kamar wuta a karan dawa. Ya bi sawun, jama'a na biye da shi daga nesa. Sawun ya bi gefen shingen makaranta, ya faɗa burtali, inda shanun gari suka wuce da safe suka tattake komai. A nan ya ɓace. Mutane ba su ga burtali ba, shingen makaranta kawai suka gani.

Shehu ya yanke magana a tsaye. In ba a ga mushamma ba zuwa bayan la'asar, baƙin makaranta su tattara su nufi sansanin Gadarif, garin nan ba zai riƙe mai yi masa sata a asibiti ba.

"Ya Shehu," in ji Manahil, "ƙanena yana cikinsu, uwata tana cikinsu. In sun tafi, da ni za su tafi."

Shehu ya kau da kai. Ya riga ya faɗa a gaban mutane, kuma shi ma irin Ayuba ne wajen son maganarsa ta zauna.

* * *

A harabar makaranta akwai rumfuna na kara da tsummoki, ɗaya kaɗai ke da rufin leda shuɗiya. Samarin gari ba su jira kowa ba, suka yaye ta, rana ta faɗa kan wata tsohuwa da ke kwance a gadon igiya.

"Kai Hatim!" Ayuba ya ɗaga murya yadda har na bayan shinge za su ji. "Hatim ɗan'uwan Sista, fito!"

Hatim ya fito. Makanikin motocin haya ne a Madani, yanzu facin tayar amalanke yake yi. Wani saurayi ya cakumi wuyan rigarsa, wani ya ɗauke shi da mari kafin a raba. Bai rama ba. Ya shafa kuncinsa, ya dubi Ayuba.

"Ya Hajj, ba ka gane ta ba? Taka ce fa."

Ayuba ya duba kusurwar ledar, ya ga faci da jan zare, ɗinkin matarsa Atine. Tabbas tasa ce. Farkon damina, ranar wata Juma'a, liman ya roƙi a taimaka wa baƙi da abin rufi, shi kuwa ya aika gida aka ɗauko mushammar kaɗa riɗinsu, ya miƙa ta a ƙofar masallaci ana ta sa masa albarka. Ya ji daɗin ranar ƙwarai. Bai tambayi kowa a gida ba.

Mai hankali da nan ya tsaya ya ba da haƙuri. Ayuba kuwa kunya ce ta fara taɓa shi, kuma shi in kunya ta taɓa shi sai ya ƙara zafi. Ya sa aka kwara ruwa a ƙasa, ya ce duk namijin da ke makarantar ya zo ya taka ya wuce. Suka jeru. Akwai tsohon malamin sakandare mai farin gashi da suke kira Ustaz, akwai mai ciwon sukari da ƙafa a naɗe, matansu na leƙe ta tagogin azuzuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka taka lakar, Ayuba na tsugune yana duba, mutanen gari na kallo.

Babu wanda ƙafar hagunsa ke watsawa waje.

"Ba ya cikin waɗannan," in ji Ayuba. Iyakar abin da ya ce ke nan, bai ce ba ya cikinsu sam ba.

"Sun ɓoye shi," in ji samarin, suka tafi da wannan.

Tsohon malamin ya tsaya yana goge ƙafarsa da ciyawa. Ya dubi Ayuba sau ɗaya.

* * *

Sauran baƙin da ke kusa su ne Habashawa 'yan ƙwadago da ke shigowa ta Gallabat lokacin girbi. Ayuba ya hau jakinsa ya nufi babbar gonar Mahmudu, inda suke yankan riɗi suna ɗaurewa suna jingina dammunan tsaye su bushe. Mahmudu abokin wasansa ne tun suna yara, bakinsa ba ya shiru.

"Gassas, sarkin bin sawu, da kansa! Me ya ɓace, hankalin Shehu?"

Ayuba ya gaya masa. Mahmudu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna masa ledoji a jibge a bayan tarakta, sababbi fil.

"Mutumin da ke kwana a kan waɗannan zai yi tafiyar asuba ya saci ta gawa? Duba ƙafafunsu in kana so, amma kada ka tsayar min da su. Riɗi ya bushe, in aka yi masa jinkiri baki yake buɗewa ya zubar da kansa ƙasa."

Ayuba ya zagaya wurin da suke shan ruwa, ya duba. Ƙananan sawu ne na mutanen dutse, masu taka ƙasa da yatsu. Babu na ɓarawon.

"Naku fa?" in ji Mahmudu yana miƙa masa shayi. "Yunus ya fara kaɗawa?"

Ayuba ya kau da fuska, ya dubi jakinsa, kamar yadda yake yi duk lokacin da aka ambaci sunan nan a gabansa.

"Harkar gona tana hannun yara," ya ce.

"Kai dai da kunyarka! Mutum ya haifi 'ya, gemunsa ya cika, har yanzu ba ka iya kallonsa."

Gaskiya Mahmudu ya faɗa, kuma Ayuba yabo ya ɗauke ta. Yunus ɗansa ne na fari. Kakanninsu sun taho da kunyar ɗan fari daga yamma tare da allo da buta, da yawa sun sake ta a hanya, gidan su Ayuba kuwa suka riƙe ta gam. Ana yaye yaron kakarsa ta ɗauke shi zuwa garin Fau, can ya girma, can ya yi aure, sai da ta rasu ya dawo da matarsa Huseina ya karɓi gona. Tun ranar suna Ayuba bai taɓa furta sunan ba. "Wancan" yake cewa, ko "uban Lamis" bayan an haifi jikar. In Yunus ya shigo gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. In suka haɗu a hanya, sai ya ga wani abin sha'awa a sama. Dattawa na misali da shi, su ce kunya irin ta mutanen da sai gidan Ayuba.

Ya shanye shayin ya hau jaki, ransa a dagule, bai san dalili ba.

* * *

Rana ta take lokacin da ya dawo asibiti. Matan unguwar da ke da aikin kawo ruwa ranar ba su zo ba, gangunan a bushe. Manahil ita kaɗai ke jan jarka daga amalanke. Ya tambaye ta wa da wa suka zo jiya, ta lissafa masa, duk ƙafafun da ya sani ne. Ya tambaye ta ko ta ji motsi, ta ce ta yi barcin gajiya.

"Ammi Ayuba," wato Baffa Ayuba, ta ce da shi da Larabci, don abin ya fi ƙarfin Hausarta, "ni ba ɓarawo nake nema ba. Gida nake nema. Wani gida a yau akwai hannun da ya taɓa ledar nan yana cin abinci da yara. In na sani da wuri, abin sauƙi ne. In sai an kawo min su a amalanke, wallahi ba kullum nake iyawa ba."

Ta tsaya, ta gyara mayafinta.

"Sun ce ka sa Ustaz ya taka laka. Shi ya koya min karatu."

Ayuba ya ɗauki sandarsa. Ya juya ya koma bayan tanti, wai ya sake duba sawun.

Rana ta gasa lakar safe ta zama kamar tukunya, komai ya zauna daram. Ga da'irar da ya zana. Ga sawun ɓarawo ya nufi shingen makaranta. A gefensa kuma, taku da taku, ga wani sawun yana rakiyarsa, na markubi, rufaffen takalmin fata, na wanda ya bi shi da safe. Mai bin sawu gaba yake kallo, ba ya waiwayen nasa. Ayuba ya yi shekara da shekaru yana karanta ƙafafun mutane, bai taɓa tsayawa a kan tasa ba.

Yau ya tsaya. Ƙafar hagun markubin tana watsawa waje, diddigen yana cin ƙasa.

Ya tsuguna. Ya auna da sanda, ya sake aunawa, ko Allah zai sa ya yi kuskure. Takun na taya ya fi tsawo, na mai ƙarfi ne, amma karkatar ɗaya ce, yadda babban yatsa ke tura ƙasa ɗaya ne. Tafiyar ubansa ce, ya tuna ta yanzu, yana yaro yana bin ta zuwa gona. 'Ya'yansa ƙanana, Munir da Kamal, ya san ƙafafunsu tun suna rarrafe, na uwarsu suka ɗauko. Saura mutum ɗaya a duk Hillar Aduwa wanda bai taɓa bari idonsa ya sauka a kan ƙafarsa ba.

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba a yabon mutum a kanta. Ya waiga ko wani na kallonsa, babu kowa sai jaki.

Shingen makaranta kuwa, ai ta nan hanyar gonarsu ta bi.

* * *

Tun daga nesa ya hango farar leda na ƙyalli a tsakiyar gona. Yunus na ɗaga dammunan riɗi yana kifawa yana bugu da sanda, ƙwaya na zuba shaa. Huseina na tarawa da tafin hannu. A kusurwar ledar, a zaune, Lamis ce da guntun kisra, gurasar dawa, a hannu, tana ajiyewa a kan shimfiɗar tana ɗauka.

"Ke Huseina! Ɗauke ta! Ɗauke yarinyar nan, ƙwace abin hannunta!"

Ihun ya firgita su duka. Huseina ta suri 'yar, 'yar ta fasa kuka. Yunus ya saki dami ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ayuba ya sauka daga jaki ya tsaya yana kallon dammunan riɗi, don ko a nan wuyansa ya ƙi juyawa.

"A kan wannan tsohon nan ya mutu," ya ce wa dammunan. "Ba a wanke ba."

Huseina ta yi salati ta ruga wurin jarkar ruwa da yarinyar.

"Na goge ta da ciyawa," in ji Yunus a hankali. "Na zagaya gari kaf neman aro, Baba, kowa tasa na gona. Riɗin ya fara fashewa, ina tsaye ina jin zubarsa. Na gan ta a yashe bayan tanti, na ce in kaɗa yau in mayar gobe."

"Ina tamu?" Ayuba ya fara, sai ya haɗiye sauran. Ya san inda tasu take, da safe a gabansa aka yaye ta daga kan tsohuwa.

Yunus ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Ba ka ji ana cigiya ba? Ba ka ji an mari bawan Allah saboda kai ba?"

"Na ji. Masu wucewa sun faɗa min." Yunus ya share gumin goshinsa. "Na tashi zan kawo ta, sai suka ce ka duba sawun, ka ce ba ɗan garin nan ba ne. Na ce to, tunda Baba ya faɗa."

Babu gatse a muryarsa. Da akwai, da Ayuba ya sami abin yin faɗa a kai. Ya tsaya, iska na kaɗa masa jallabiya, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kada kowa ya ƙara taɓa ta," ya ce daga ƙarshe. "Ku wanke hannu, ku koma gida. Kai kuma ka zo ƙofar asibiti bayan la'asar."

* * *

Atine ta riga ta ji daga bakin Huseina. Ta tare shi a zaure, ta ja ƙofar langalanga ta rufe.

"Malam, ka rufa mana asiri. Ka ce a daji ka tsinta, ɓarawo ya yar ya gudu. Wa zai ƙaryata ka a garin nan?"

Babu wanda zai ƙaryata shi, wannan ne abin da ya fi tsorata shi. Ya zauna a bakin gado, ya ga yadda abin zai tafi sumul. A samu leda, Shehu ya janye maganarsa, a yaba wa gassas.

"In na ce haka, baƙin nan za su zauna da sunan ɓarayi har su bar garin."

"Baƙi ne, gobe yaƙi ya ƙare su koma. Shi fa? A nan zai tsufa. A nan za a nemi auren 'yarsa."

"Sista kuma ba za ta san gidan da za ta zo ba. Yarinyar ta ci abinci a kai, Atine."

Atine ta waiga ta dubi ƙofa. Daga cikin gida ana jin Lamis na wasa da murfin kwano, lafiyarta ƙalau, zuwa yanzu.

"To ka kai ta a ɓoye," ta ce, amma muryarta ta riga ta karye. Ta share ido da bakin mayafi. "Ni da kai muka yi wannan. Mun yi ta kau da kai ana yabonmu, yaro ya girma kamar ɗan haya a gidan ubansa."

Aka kira la'asar. Ya yi alwala, ya daɗe yana wanke ƙafar hagu.

* * *

A gindin aduwar ƙofar asibiti aka taru. Mutanen gari a inuwa, baƙin makaranta a gefe cikin rana, wasu har sun ɗaure ƙullin kayansu. Hatim na tsaye, kuncinsa a kumbure. Mahmudu ya zo da Habashawa biyu don kada a ce ya ɓoye su. Manahil na bakin rumfa, hannuwanta a harɗe.

"Malam Ayuba," in ji Shehu, "me ƙasa ta gaya maka?"

Yau bai jira a zuba masa ido ba. Ya fi so ma a ɗauke.

"An ga mushamma. Ba ta makaranta, ba ta gonar Mahmudu. Mutanen nan ba su ɗauki komai ba." Ya juya wajen baƙin. "Ustaz, na sa ka taka laka a gaban matanka da 'ya'yanka. Hatim, a kan maganata aka mare ka. Ku yafe ni."

Taron ya yi gunaguni. Shehu ya gyara zama.

"Da safe ka ce ba ɗan gari ba ne."

"Na faɗa. Na ce na san kowace ƙafa a garin nan. Ƙarya nake, akwai wadda ban sani ba. Ɗan gari ne. Ɗan gidana ne."

Munir da Kamal, da ke cikin samarin da suka yaye rumfa da safe, suka dubi juna, mutane kuma suka dube su.

"Wanne?" in ji Manahil, ta riga ta ɗauko jakarta. "Ammi, 'ya'yanka uku ne, kowa da sashensa. Wanne? Akwai yara a wurinsa?"

Ita ba ta san al'adar ba, tambaya kawai take yi. Dattawa kuwa sun gane, suka sunkuyar da kai. Shehu ya yi gyaran murya, yana so ya fitar da abokinsa.

"Sista, a wurinmu akwai sunan da uba ba ya faɗa. Mun gane, ya isa. Wani zai raka ki."

"Nawa sunan ya faɗa da safe," in ji Hatim. Bai ɗaga murya ba. "Har na bayan shinge sun ji."

Babu wanda ya tsawata masa. Ayuba ya gyaɗa kai, don yaron ya fi kowa gaskiya a wurin. Ya juya, ya nemi ɗansa a cikin taro. Yana can baya, jikin katangar asibiti, ƙurar riɗi a gashinsa. Ayuba ya dube shi sosai, a fuska, ya ga goshi irin na nasa uban, ya ga furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Yaushe har ya yi furfura?

Sunan ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya yi ta ajiyarsa tun ranar da aka raɗa shi, yana ganin girmamawa ce, ashe ga ranar da ya ajiye wa.

"Yunus," ya ce.

Ya fito a shaƙe, kamar ba muryarsa ba. Yunus ya ɗago kai. Ya tako ta tsakiyar mutane, suna buɗa masa hanya, ya zo ya durƙusa a gaban ubansa, hawaye na bin gemunsa.

"Na'am, Baba."

Wata tsohuwa a cikin mata ta fashe da kuka. Shehu ya yi ta juya sandarsa, sannan ya ce baƙi su kwance kayansu, samarin da suka yaye rumfa su je su mayar da ita kafin magariba, maganar Yunus kuma dattawa za su zauna a kai. Ba a ji shi sosai ba.

Manahil ba ta jira ƙarshen jawabin ba. Ta miƙa wa Hatim bokitin kilorin, ta ce ya biyo ta. Ya ɗan tsaya, ya dubi Yunus, sannan ya karɓa.

"Tashi ka nuna min gidan," ta ce wa Yunus da Hausa. "Yarinya ta ci, ko ba ta ci?"

"Ta ci."

"To yi sauri."

Suka kama hanya, Yunus a gaba, Manahil da ƙanenta a bayansa. Matan unguwar da suka ƙi kawo ruwa suka zame ɗaya ɗaya, ba a jima ba aka ji ƙarar jarkoki a bakin ganguna.

Ayuba ya bi su a baya, shi kaɗai, kansa a sunkuye. Waɗanda suka gan shi sun ce kunya ce ta hana shi ɗaga ido, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ƙasa yake kallo, inda takalmin taya ke sauka yana tashi, ƙafar hagu na watsawa waje. Bai ɗauke idonsa daga kanta ba har ƙofar gida.